Sababbin Hanyoyin Koyarwa da Wahalar Zaunar da Su

*Jawabi domin tunawa da ma'aikatan En'e masu kula da makarantu*

 Abin da ya tara jama'a tunawa ne da mazan jiya, kuma babu tunawar da ta fi a ɗauki wani aiki da suka sha wahala a kansa a dube shi da idon basira. Ayyukan En'e suna da yawa, ga haraji da jangali, ga shari'a, ga asibiti, ga hanyoyi da rijiyoyi, ga makaranta. A cikinsu duka makaranta ce mai jinkirin nuna amfaninta ko ɓarnarta. Gada in an gina ta ba daidai ba, damina ɗaya ta isa ta tona asirin magini. Yaron da aka koya wa karatu ba daidai ba kuwa, sai ya shekara shida yana zuwa yana komowa tukuna a gane ba ya iya karanta wa ubansa wasiƙa.

Tsarin En'e ya ƙare da gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, amma wannan wahala tana nan, kuma ƙasashe da yawa suna fama da ita. Cikin 2022 Bankin Duniya ya kintata cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 70 cikin 100 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane ma'anarsa. A Afirka kudu da Hamada kusan 9 cikin 10 ne. Da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makaranta, sunayensu na cikin rajista. Saboda haka kullum a ke ta kawo sababbin hanyoyin koyarwa, wata daga Ingila, wata daga Amurka, wata daga Faransa, ana fata a dace da wadda za ta warkar da ciwon. Waɗansu sun zauna, waɗansu sun mutu bayan an ɓatar da dukiya mai yawa a kansu. Dalilin zaman waɗancan da mutuwar waɗannan shi ne abin da za a duba.

Sabuwar hanya ta fari

Karatun boko shi kansa sabuwar hanya ce sa'ad da ya zo. Kafin zuwansa akwai makarantun allo wajen 20,000 a Arewa, bisa ga kintacen Turawan farko, kuma suna da tasu hanya tsararriya. Yaro ya kan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru, ya biya allonsa gaban malam, in ya iya a wanke a yi masa ƙari, in bai iya ba ya koma ya sake. Kowa yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, ba a jan wani domin wani ya yi gaba. Makarantar boko kuwa ta zo da aji, watau a tara yara tsara ɗaya a ɗaki ɗaya, malami ya tsaya gaban babban allo da alli, a yi darasi ɗaya ga kowa, in ƙararrawa ta kaɗa a shiga wani, in shekara ta ƙare a wuce gaba.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano cikin 1909. Abu biyu ya yi waɗanda suka sa aikin ya kafu. Da Hausa ya koyar, kuma da manyan malamai ya fara, domin su koma garuruwansu su zama masu koyarwa. Cikin 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina musamman domin horon malamai. Da aka ga yara sun iya karatu amma babu abin karantawa, Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East ta sa gasar rubuta littattafai cikin 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga baya kuma Magana Jari Ce ta biyo. Duk da haka tafiyar ba ta yi sauƙi ba. Hakimai da dagatai sun sha fama wajen neman yara, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu, waɗansu manya suna aikawa da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. An yi shekaru masu yawa kafin mutane su saki jiki. Amma an bi abin bi da bi, malami tukuna, sa'an nan harshen da yaro ya ke ji, sa'an nan littafi a hannunsa.

Sabon lissafi

Bayan samun mulkin kai sai aka shiga gaggawa. Tun daga 1962 masana lissafi na Amurka da na Afirka suka riƙa taruwa a Entebbe ta ƙasar Uganda suna rubuta littattafan abin da aka kira sabon lissafi. Nufinsu yaro ya gane dalilin lissafi, kada ya tsaya ga haddace jadawalin sau kaɗai. Aka kawo kasa abubuwa rukuni rukuni, da ƙidaya bisa biyu biyu ko biyar biyar maimakon goma goma. An fara gwada littattafan a waɗansu makarantun Ikko, a hannun zaɓaɓɓun malamai waɗanda aka hora sosai, kuma a can abin ya yi kyaun gani. Da aka baza shi ko'ina sai ya faɗa hannun malamin ƙauye wanda bai taɓa jin labarinsa a makarantar horon malamai ba, iyakarsa kos na 'yan kwanaki. Wanda bai gane abu ba, ba ya iya ganar da wani, sai ya rubuta a allo ya ce yara su haddace. Ashe hanyar da aka kawo domin ta kori hadda ita ma ta koma hadda, ga shi kuwa yaran sun rasa tsohon lissafin da a ke cin kasuwa da shi.

Ana cikin haka aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa cikin watan Satumba 1976. An shirya wa yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Aka yi ta ɗaukar malamai da gaggawa, waɗansu ba su daɗe da barin firamare ba su kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin 1977, zamanin da Kanar Ahmadu Ali ya ke riƙe da ma'aikatar ilmi ta Tarayya, aka soke sabon lissafi a makarantun firamare. Littattafan da aka buga suka zama abincin gara.

Na'ura a madadin malami

Waɗansu ƙasashe da suka ga malamai sun yi ƙaranci sai suka yi dabarar su kewaye malamin. A Jamhuriyar Nijar an fara koyarwa ta akwatin talabijin cikin 1964 da taimakon Faransa. Gwanayen malamai suna shirya darasi a Yamai, a cikin aji kuwa sai a sa mai ƙaramin ilmi ya kula da yara ya maimaita musu. Yaran sun iya magana da Faransanci ƙwarai, baƙi daga ƙasashe suna ta zuwa kallo. Amma an yi shekaru ajujuwan gwajin ba su wuce 22 ba, yara wajen 800, kuma da ƙyar hanyar ta shiga cikin sauran makarantun ƙasar, daga bisani aka bar ta.

Ƙasar Kwaddibuwa ta ɗauki abin da ƙarfi fiye da haka. Ta fara cikin 1971, ta gina gidan shirya darussa a Buwake, ta kai akwatuna har ƙauyukan da babu lantarki, ana kunna su da batir. Kuɗin gyara da na batir da na ƙwararrun baƙi ya yi ta hauhawa. Iyaye da malaman manyan makarantu suka yi ta kuka cewa yaran talabijin bakinsu ya buɗe amma hannunsu bai iya rubutu ba. Cikin 1982 aka daina.

Da kwamfuta ta zo aka sake bin wannan sawu. Gwamnatin Peru a Amurka ta Kudu ta sayi ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 domin yaran makaranta. Aka bincika makarantun karkara 319, aka fito da sakamako cikin 2012. Yaran sun iya sarrafa na'urar, har wajen wasa ƙwaƙwalwa an ga ɗan ci gaba, amma a karatu da lissafi ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Dalilin a fili ya ke. An sa sabon kaya a aji, darasin malam kuwa yana nan yadda ya ke jiya.

Littafi da harshe

Ko littafi, wanda kowa ya yarda da amfaninsa, ba ya aiki in bai dace da mai karatunsa ba. A yammacin Kenya, cikin shekarun 1990, an raba wa waɗansu makarantun karkara littattafan karatu na gwamnati, aka bar waɗansu domin a gwada. Michael Kremer da abokan aikinsa suka bi sawun abin, suka tarar yaran da dama can su ne gwanayen aji su kaɗai suka ƙaru. Littattafan da Turanci aka rubuta su, ga mafi yawan yaran kuwa Turanci harshe na uku ne, bayan na gida da Swahili. Wanda bai iya karanta littafin ba, riƙe shi bai ƙara masa kome ba.

An daɗe da sanin maganin wannan. Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife cikin 1970, aka koyar da yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda a hannun wanda ya iya shi. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin ma, a waɗansu darussa har sun fi su. A Damagaram an buɗe makarantar gwaji mai fara karatu da Hausa kafin Faransanci cikin 1973. Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da a ke yi a garinsu. Amma rubuta doka daban, aikata ta daban. Littattafai cikin harsunan gida ba su wadata ba, ba a hori malamai su koyar da karatu cikinsu ba, iyaye da yawa kuma suna ganin jin Turanci a bakin yaro shi ne alamar ilmi. Da aka auna yaran firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, an tarar mafi yawan 'yan ƙananan ajujuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, harshen da su ke yi tun suna goye.

Abin da aka gani a Indiya

Akwai wata ƙungiya a Indiya, sunanta Pratham, an kafa ta a Mumbai cikin 1995. Mutanenta sun lura cewa a aji guda a kan sami mai karanta labari, da mai haɗa kalma da ƙyar, da wanda ko baƙi bai sani ba, malam kuwa yana bin manhaja domin ya ƙare ta kafin jarrabawa, waɗanda ke gaba kaɗai ke biye da shi. Sai suka fito da hanya mai sauƙi. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko baƙi ya sani, ko kalma, ko 'yan layuka, ko labari. A raba su bisa ga inda suka tsaya, ba a duba aji ko shekaru ba. A ba su sa'a ɗaya ko biyu kowace rana a kan abin da ya dace da su, wanda ya iya a matsar da shi gaba. Wanda ya yi karatun allo zai ga wannan ba baƙon abu ba ne, domin haka a ke biya wa malam a yi ƙari.

Abin lura shi ne yadda hanyar ta kasance da ta shiga makarantun gwamnati, kamar yadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka auna. A jihohin Bihar da Uttarakhand, tsakanin 2008 da 2010, an ba malamai horo da kayan aiki, amma cikin zangon karatu ba a ga wani ci gaba ta hannunsu ba, domin suna komawa aji suka koma bin manhaja, tun da ya ke a kanta a ke tuhumarsu. A Bihar ɗin kuwa, da aka sa malaman gwamnati su koyar da hanyar lokacin hutu, inda babu manhaja a kansu, yara suka ƙaru. Ashe malaman sun iya, sarari ne ba su samu ba. A jihar Haryana cikin 2012 zuwa 2013 sai aka gyara. Gwamnati ta ware sa'a guda a jadawalin kowace rana domin wannan aiki. Jami'an da ke duba makarantu aka fara horarwa, aka sa su su koyar da yara da kansu kwana da kwanaki kafin su hori malamai, sa'an nan suka riƙa zagayawa suna dubawa. A nan karatun yara ya ƙaru. Hanyar ɗaya ce a wuraren uku, abin da hukuma ta yi mata ne ya bambanta.

Mai ziyara

Kenya ta yi irin wannan da shirinta mai suna Tusome, wanda ta baza cikin makarantun gwamnati fiye da 20,000 tun daga 2015. Kowane yaro na aji ɗaya da na biyu ya sami littafinsa na kansa na Swahili da na Turanci. Kowane malami ya sami littafin jagora mai nuna darasin kowace rana. Jami'an da ke taimakon malamai aka ba su ƙaramar kwamfuta ta hannu, su shiga aji su zauna har darasi ya ƙare, su saurari karatun 'yan yara kaɗan, su yi shawara da malam, kuma biyan kuɗin tafiyarsu yana rataye da shaidar cewa sun je. Ba a daɗe ba yawan yaran da suka kai mizanin karatu ya kusa ninkawa. A nan na'ura ta yi amfani, domin an sa ta a hannun mai taimakon malam.

Wannan aiki ma'aikatan En'e sun san shi tun da daɗewa. Akwai malamai masu ziyarar makarantu, waɗanda su kan bi ƙauyuka a kan doki ko keke, su kwana a garin, su ga darasi, su duba littattafan yara da rajista, su gyara wa malam, su kai rahoto. Alhaji Shehu Shagari ya yi wannan aiki a lardin Sakkwato cikin shekarun 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya kula da makarantun En'e ta Bauchi bayan komowarsa daga karatu a London cikin 1946. A farkon shekarun 1970 Sashen Ilmi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da taimakon UNICEF, ya yi shirin gyaran karatun firamare a jihohin Arewa, kuma ƙashin bayansa masu horon malamai ne da ke yawo makaranta makaranta. Makarantun wancan zamani kaɗan ne, shi ya sa mai ziyara ya ke iya kewaye su. Da suka yawaita ba a ƙara masu ziyara gwargwadon yawansu ba, kuɗin tafiya kuma shi a kan fara yankewa duk sa'ad da baitulmali ya yi ƙasa.

Abin da ya kamaci mai riƙe da makarantu

Duk wanda aka danƙa wa makarantun wata ƙasa, ko hakimi ne, ko sakataren ilmi, ko ma'aji, wata rana za a zo masa da sabuwar hanya, da takardu masu kyau da alkawarin taimako daga waje. Ba daidai ba ne ya ƙi ta don sabuwa ce, gama boko ma da sabo ne. Amma kafin ya sa hannu ya kamata ya nemi amsar waɗansu tambayoyi.

Ya tambaya ko malamin da ya fi kowa rauni a ƙauyen da ya fi kowane nisa zai iya aikata ta gobe da safe, da yara tamanin a gabansa. Gwajin da aka yi a birni da zaɓaɓɓun malamai ba ya ba da wannan amsa. Ya tambaya da wane harshe za a yi ta, kuma ko akwai littafi cikin harshen nan da zai isa hannun kowane yaro. Ya tambaya wane darasi za a rage domin a ba ta wuri a jadawali, domin malamin da aka ɗora wa sabon kaya ba a sauke masa tsoho ba, tsohon zai riƙe, tun da a kansa a ke yi masa hisabi. Ya tambaya wa zai ziyarci malam bayan an watse daga kos, sau nawa a wata, kuma daga wace jaka za a biya kuɗin mansa. Ya tambaya wa zai sayi batir da takarda, ya gyara abin da ya lalace, ranar da baƙin da suka kawo ta suka koma gida. In ba a sami amsar waɗannan ba, gara a gwada ta a makarantu goma a ga ƙarshenta da a baza ta cikin dubu. Albashin malam kuma a biya shi a kan kari, domin wanda ya yi wata uku ba a biya shi ba hankalinsa yana gona ko kasuwa, ko wace irin hanya aka koya masa.

Akwai kuma awo guda wanda ba ya bukatar kuɗi ko izni daga sama, kuma gani ya kori ji. Mai mulki in ya shiga makaranta, kada ya tsaya ga rajista da tsabtar fili da waƙar maraba. Ya kira yara biyar na aji uku, ya zaɓe su da kansa daga layin baya, ya miƙa wa kowannensu 'yan layuka huɗu cikin harshensa ya karanta, sa'an nan ya tambaye shi abin da labarin ya ce. Ya rubuta adadin waɗanda suka iya, ya komo bayan wata uku ya sake. In adadin yana ƙaruwa, hanyar da a ke bi tana aiki, sai a riƙe ta a taimaki malamin. In ba ya ƙaruwa, sai a zauna da malam da mai ziyara a nemi inda ta tsaya tun yaran suna aji uku, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga, ya ba waɗanda ke riƙe da aikin sa'a.